Kuzar Riruwai da Kwal ɗin Inugu a Tarihin Birnin Kano

Birnin Kano ya yi suna da fatauci da rini da jima da saƙa, har wannan suna ya lulluɓe wani sashe na tarihinsa da ya girmi sana'o'in nan duka, wato alaƙarsa da ma'adinai, albarkatun da ake tonowa daga cikin ƙasa irin su tama da kuza da kanwa da tozali. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa ana narka tama, wato dutsen da ake fitar da baƙin ƙarfe daga cikinsa, a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma tarihin baka na Abagayawa, waɗanda ake lissafawa cikin mazauna farko, yana cewa kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya yana neman tama har ya same ta a nan ya zauna. Unguwannin cikin ganuwa, kamar Yakasai da ke gabashin birni daura da Ƙofar Mata da Kasuwar Rimi, ba wuraren haƙa ba ne, amma rayuwar gidajensu ta dogara da abin da wasu suka haƙo a nesa: kanwa daga ƙasar Manga da Barno domin girki da dabbobi, gishirin Bilma da ayarin Buzaye ke saukewa, tozali daga kwarin Binuwai, da ƙarfen da ake ƙera fartanya da lauje da wuƙa da linzami.

A cikin waɗannan kaya akwai guda ɗaya da ƙasar Kano ke fitarwa da kanta kuma ta shahara da shi, shi ne kuza. Mahaƙarta tana Riruwai, cikin duwatsun da ke ƙarshen kudancin masarautar, a yankin da yau yake ƙaramar hukumar Doguwa, kusa da iyakar Zazzau da Bauchi. Duwatsun nan dangin na Filato ne, kuma ruwan sama na shekaru aru-aru ya wanke kuzar daga jikinsu ya zuba ta cikin rafuka da fadamu, inda take kwance a gauraye da yashi, baƙa, mai nauyi fiye da duk abin da ke kewaye da ita. Nauyin nan shi ne sirrin aikin. Mai wanki yakan ɗebi yashin a ƙwarya, ya tsoma a ruwa yana juyawa a hankali, farin yashi yana zubewa ta baki, baƙar tsaba tana taruwa a gindi. Daga nan sai a kai ta ga masu narkawa, waɗanda ke da murhun yumɓu da ake cikawa da gawayi da kuza hawa-hawa, ana hura shi da zugazugin fata har farin ƙarfen ya malalo. Abin da ya bambanta kuzar Riruwai a kasuwa shi ne siffar da ake zuba ta: ana jera tsinken ciyawa cikin danshin toka da yumɓu, a zare su, su bar ramuka sirara, sannan a kwarara narkakken ƙarfen ciki, idan ya huce ya fito tsinke-tsinke, a ɗaure shi dami-dami. A haka fatake ke ɗauko shi a kan jakuna zuwa Kasuwar Kurmi, inda maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla da dalma, ke sayensa domin zobe da munduwa da adon kayan doki, yayin da maƙeran baƙi ke can suna fama da ƙarfen noma da na yaƙi.

Muhimmin abu a wannan tsari shi ne cewa kowane mataki nasa yana hannun mutanen ƙasa. Su ke wanki, su ke ƙona gawayi, su ke narkawa, su ke fatauci, su ke ƙira, kuma ribar kowane mataki tana zama a garin da aka yi shi. Hatta fitinar ƙarni na 19 ba ta kashe sana'ar ba. Lokacin da Ningawa, waɗanda malaman da suka bar ƙasar Kano a shekarun 1840 suka kafa wa daula a cikin duwatsu, suka matsa wa kudancin masarautar da hari a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wasu masu narkawa sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwan Dalma, suka ci gaba da aikinsu a can.

Tsinken kuzar nan ne ya jawo hankalin Turawa. A shekarun 1880 ma'aikatan kamfanin Royal Niger sun tarar da shi a hannun fataken Hausawa a kasuwannin Binuwai, suka yi ta neman asalinsa. A 1902 kamfanin ya aika ayarin bincike zuwa ƙasar Bauchi, kuma a 1903, shekarar da Kano ta faɗa hannun sojojin Ingila na Gwamna Lugga, injiniya H. W. Laws ya hau tsaunin Filato ya ga yawan kuzar da ke rafukansa. Tun kafin wannan an riga an raba dukiyar a kan takarda, domin lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin fito na duk ma'adinin da za a haƙa a wani yanki mai faɗi na Arewa har tsawon shekara 99, haƙƙin da sai wajen 1950 aka saye shi aka soke. Dokokin da suka biyo baya sun mai da ma'adinai mallakar gwamnati, suka sa sharaɗin lasisi da jari wanda ɗan ƙasa ba ya iya cikawa. Daga 1909 kamfanonin Landan suka yi ta rububin yankan filaye, rafukan da masu wanki suka gada kaka da kakanni suka shiga cikin shingen wasu, masu narkawa suka rasa tsabar da za su zuba a murhu, kuma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wutar murhunan ta mutu. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a mahaƙar kuza ta Nijeriya. Daga lokacin nan kuza ta riƙa barin ƙasar ɗanya cikin buhuna zuwa matatun Ingila, mutumin da a da yake da sana'a ya koma lebura mai ɗaukar ƙasa a kwano a ƙarƙashin helima, yana jiran biyan ƙarshen mako domin ya sami kuɗin haraji, wanda a lokacin sai da sulallan Turawa ake karɓarsa.

A nan ne kwal ya shigo labarin, duk da cewa mahaƙarsa tana da nisa ƙwarai daga Kano. Kwal gawayi ne na dutse, wanda ya samu daga itatuwa da tsirran da ƙasa ta binne tun zamani mai nisa, kuma shi ne makamashin jirgin ƙasa mai tururi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya kai Jos da Bukuru a 1914 domin kwasar kuza, wadda kafin nan a kan ’yan dako ake kai ta Loko a bakin Binuwai. Da farko kwal ɗin da jiragen ke ƙonawa daga Birtaniya ake kawo shi da tsada. A 1909 aka gano kwal a tuddan Udi, aka kafa tashar ruwa ta Fatakwal domin fitar da shi, dogo ya haɗa ta da mahaƙar a 1916, garin Inugu kuma ya tsiro a gindin tudun. Shekaru da dama sai an sauke kwal a Fatakwal, an ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan ya hau dogo ya nufo Arewa, har sai da layin gabas ya haɗu da na yamma ta Kafanchan da Kaduna a wajen 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Da wannan aka kammala da'irar: kwal na Inugu yana jan kuzar Filato da Riruwai da gyaɗar Kano zuwa bakin teku, yana kuma jawo kayan masana'antun Turai zuwa tashar Kano, daga inda amalanke da jakuna ke shigar da su birni ta ƙofofin gabas.

Abin da jirgin ya kawo ya yi wa masu narka tama illar da dokar lasisi ta yi wa masu narka kuza, sai dai wannan karon ba da doka ba, da araha. Sandunan ƙarfe na kanti da tarkacen dogo da na motoci sun wadata, maƙerin birni ya ga cewa ya fi masa sauƙi ya sayi guntun ƙarfen jirgi da ya jira dunƙulen tama daga ƙauye, don haka ƙira ta rayu, har ta bunƙasa da buƙatar kayan noman gyaɗa, amma ilimin narkawa, wanda ya fi shekara dubu a ƙasar, ya ɓace cikin tsara ɗaya ko biyu. Ita kuwa kuza ta dawo Kano da wata kama. A Turai ana shafa ta a jikin falankin ƙarfe domin hana tsatsa, da shi ake yin gwangwani da garwar kananzir, kuma waɗannan ne suka cika lungunan birni: garwar da ’yan ga-ruwa ke rataya biyu-biyu a sanda suna kai ruwa gidaje, da gwangwanin madara da masu gyara ke yankawa da almakashi, su lanƙwasa, su liƙe da dalma a bakin wuta su fitar da fitilar a-ci-bal-bal da mazurari da ludayin awo. Hikima ce ta gaske, amma hikima ce ta sarrafa ragowar abin da aka ƙera a wani wuri da albarkatun da aka ɗauka daga nan.

Lokaci mafi muni ya zo da Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta kame Malaya, wadda ita ce babbar mai samar da kuza a daular Birtaniya, sai gwamnati ta kafa dokar aikin tilas a mahaƙan Filato, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutane kusan 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, aka raba manoma da gonakinsu, aka jibge su a barikoki cikin sanyin tsauni ba isasshen abinci ba sutura, cuta ta kashe da yawa, da yawa kuma suka gudu. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Duk wanda zai ambaci wannan adadi ya wajaba ya ambaci hanyar da aka bi aka same shi.

Ba abin mamaki ba ne da batun ma'adinai ya shiga bakin ’yan kishin ƙasa da zarar an gama yaƙi. Dokar ma'adinai da aka gabatar a 1945, wadda ta tabbatar da mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa ga Sarautar Ingila, tana cikin dokoki huɗu da jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana suka a 1946, kuma a Kano ne ciwo ya kama jagoran rangadin, Herbert Macaulay, aka mai da shi Legas ya rasu a watan Mayu na shekarar. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 ’yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a mahaƙar Iva Valley ta Inugu, suka kashe 21, suka raunata 51, al'amarin da ya tayar da tarzoma a Aba da Fatakwal da Kalaba da Anaca, ya kuma haɗa kan ’yan siyasar da a da ba sa ga-maciji. Wata tara bayan haka, a Agusta 1950, aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da ta sa aikin tilas da zaluncin haraji a gaba cikin abubuwan da take yaƙa, wadda kuma ta sami magoya baya cikin teloli da ’yan kasuwar unguwannin birni, ciki har da Tanko Yakasai. Inugu kanta ba baƙuwar ’yan Arewa ba ce, domin fataucin shanu ya kai su can, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950.

Faɗuwar ma'adinan biyu ta zo kusan tare. Kwal ya kai ƙololuwarsa ta kimanin tan 900,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1950, daidai lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta fara komawa injunan dizal, aka kuma sami man fetur a Oloibiri a 1956. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe ramukan Inugu, ruwa ya cika su, ba su kuma farfaɗo sosai ba. A Nijar an bi wata hanya dabam, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ke haƙar kwal a Anu Araren yana ƙona shi nan take domin ba mahaƙan yuraniyom na Arlit da garin Agadas lantarki. Ta fuskar kuza, sai a farkon shekarun 1960 aka gina matata a Makeri kusa da Jos, bayan rabin ƙarni ana fitar da ita ɗanya, lokacin da rafukan masu sauƙin wanki suka fara ƙarewa. A Riruwai hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1972, ta shiga aikin haƙa rami mai zurfi domin bin jijiyar kuza da tutiya da ke cikin dutsen, aikin da ya tsaya a shekarun 1980, waɗanda a cikinsu ne, a Oktoba 1985, kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun bar mallakar ma'adinai da ikon ba da lasisi a hannun gwamnatin tarayya, kamar yadda dokar mulkin mallaka ta bar su a hannun Sarauta. A yau yawancin aikin Riruwai yana hannun ƙananan mahaƙa masu diga da shebur da kwano, waɗanda ke shiga ramuka marasa tokari, su wanke abin da suka samo, su sayar wa dillalai a kan sikeli, dillalan kuma su yi lodinsa ɗanye zuwa Jos da tashoshin teku.