Fam 100,000 da kwana 18: abin da fim ɗin Shifty ya iya da abin da ya kasa

Masu sharhi sun saba ɗora laifin raunin ƙaramin fim a kan rashin kuɗi. Fim ɗin Shifty, wanda Eran Creevy ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya saɓa wa wannan zato: duk inda ya yi ƙarfi, ƙarancin kuɗi na da hannu a ciki, inda kuwa ya yi rauni, rubutun labarin ne ya gaza.

An shirya shi ƙarƙashin shirin Microwave na hukumar Film London tare da BBC, wanda ya ƙayyade wa sababbin daraktoci fam 100,000. An ɗauke shi cikin kwana 18, aka nuna shi a bikin fina-finai na Landan a 2008, ya shiga sinimomin Birtaniya a 2009. Labarin yini guda ne, a wani gari na ƙirƙira mai suna Dudlowe a bayan Landan. Chris, wanda Daniel Mays ya fito a matsayinsa, ya dawo daga Manchester bayan shekara huɗu, ya tarar abokinsa Shifty, matashi Musulmi mai ƙwaƙwalwa a makaranta, ya zama dillalin hodar iblis.

Wanda ba shi da kuɗin motocin tsere da harbe-harbe dole ya dogara da fuskokin mutane, kuma a nan fim ɗin ya ci nasara. Yawancinsa da rana tsaka aka ɗauka, a rukunin gidajen gwamnati masu kama da juna, a kicin, a bakin titi. Kyamara na bin abokan nan biyu suna tafiya a ƙasa daga wannan ƙofa zuwa waccan, waya na ta ƙara a aljihun Shifty, shi kuma yana kai saƙo kamar yaron shago. Babu ƙyalli a sana'ar tasa, gajiya ce da zullumi. Fina-finai irin su Kidulthood na 2006 sun cika kunnen mai kallo da ihu da zagi don su gamsar da shi cewa rayuwar unguwa suke nunawa. Creevy, wanda ya tashi a Harlow ta yankin Essex ya kuma ɗauko labarin daga abin da ya gani a can, ya bar shiru ya yi aikinsa.

Masu sayen kayan ma ba ɓata-gari na al'ada ba ne. Akwai Valerie, dattijuwa mai zaman kaɗaici a ɗakinta, akwai Trevor, magini mai mata da 'ya'ya, wanda hoda ta cinye aikinsa yana ta ɓoye wa iyalinsa. Fitowar Trevor ita ce ta fi taɓa ni, domin ta nuna inda kuɗin Shifty ke fitowa: daga abincin yaran wani. Riz Ahmed, wanda ya fito a matsayin Shifty, ya riƙe matsayinsa da natsuwa, murmushinsa na jan mutum, idonsa kuma kullum yana lissafi. Tsakaninsa da Mays akwai raha irin ta waɗanda suka tashi tare, da kuma wata magana da kowannensu ke kauce wa, wato mutuwar wata yarinya da ta sa Chris ya gudu daga garin. Ba mamaki BAFTA ta sa Creevy cikin 'yan takarar kyautar sabon hannu a 2010.

To, amma an tallata fim ɗin a matsayin mai sa faɗuwar gaba, kuma wannan alkawari ne ya ja shi ƙasa. Glen, dillalin da Jason Flemyng ya fito a matsayinsa, wanda ke ƙulla wa Shifty sharri wajen uban gidansu, mugu ne da aka aro daga wasu fina-finan. Ba mu san abin da ke cinsa ba sai haɗama. Kashi na ƙarshe ya koma tarko da barazana da wata dabara ta bazata da ta kuɓutar da jarumi cikin sauƙi. Mutumin da muka ga yana rusa gidan Trevor ya fita daga garin da abokinsa, labarin bai tsare shi da tambaya ba. Wannan sassauci ne daga marubucin da ke ƙaunar jaruminsa fiye da kima.

Babbar asarar kuwa a gida take. Rez, yayan Shifty, mutum ne mai riƙo da addini wanda ya ba ƙaninsa masauki bai san abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin rufinsa ba. Amana, kunyar iyaye, haramun da ake ci a gidan mai salla, duk suna nan a shimfiɗe, kuma magana ce da ba ta buƙatar ko fam ɗaya, ɗaki da mutum biyu sun isa. Creevy ya taɓa ta ya wuce. Matan labarin ma haka, wahala kawai suke sha ba tare da an ba su baki ba.

Fim ɗinsa na gaba, Welcome to the Punch na 2013, ya samu kuɗi ninkin-ba-ninkin da James McAvoy a gaba, amma bai samu yabon da Shifty ya samu ba. Masu shirya fim a Kano da ke kukan jari su nemi Shifty su kalla da idon nazari: awa guda ta farko darasi ce a kan abin da ƙaramin jari zai iya, sauran kuma gargaɗi ne a kan rubutun da ba a gama dafawa ba.