Jadawalin ESHRE da ESGE da 'Ya'ya Mata Masu Haɗaɗɗiyar Mafita

Akwai ra'ayin da ke yawo tsakanin likitocin mata cewa jadawalin da ƙungiyoyin likitocin Turai ESHRE da ESGE suka fitar a 2013 ya wadatar wajen rarraba duk wata tawayar halitta ta mahaifa, har da ta jariran da aka haifa da haɗaɗɗiyar mafita, wato waɗanda dubura da farji da hanyar fitsari suka haɗu suka fito ta kafa ɗaya. Tarihin jadawalan sananne ne, daga na Buttram da Gibbons a 1979 zuwa na wata ƙungiyar likitoci ta Amurka a 1988 da gyaransa a 2021. A ganina wannan ra'ayi ya wuce gona da iri.

An gina jadawalin 2013 ne bisa manyan mata masu fama da ɓari ko rashin haihuwa. Ma'auninsa kaurin bangon mahaifa ne: idan shingen ciki ya zarce rabin wannan kauri, sai a ce mahaifa mai shinge ce. To, mahaifar jaririya takan kumbura saboda sinadaran jikin uwa, sannan ta ƙanƙance har zuwa balaga. Da wuya awon da aka yi a wannan tsakani ya zama abin dogaro. Abin da ya fi damun likitan tiyatar yara kuwa jadawalin bai tanadar masa gurbi ba: a ina farji ya buɗe cikin haɗaɗɗiyar kafar, kuma ko ruwan da ya taru a cikin farjin ya danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan jarirai suna zuwa da wannan taruwar ruwa, kuma tana iya lalata ƙoda. Santimita 3 da likitan tiyatar yara Alberto Peña ya sanya a matsayin iyaka ga tsawon kafar ya fi kowace lamba ta jadawalin tasiri kan irin tiyatar da za a yi.

Hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi ita ce yawan jadawalai na hana asibitoci kwatanta sakamakonsu, ga shi kuma an ware rukunin U6 don abin da bai shiga ko'ina ba. Maganar kwatanci gaskiya ce, musamman ga lalurar da ba ta cika faruwa ba. Amma idan yara masu halitta mabambanta suka taru a rukuni ɗaya, me aka kwatanta? Yarinya mai mahaifa biyu buɗaɗɗu da wadda ɓangare ɗaya nata ya toshe ba makomarsu ɗaya ba, domin ta biyun jinin al'ada zai taru mata da zarar ta balaga.

Ba na da'awar cewa hujjojin da ke hannu sun kai a ƙirƙiro sabon jadawali. Abin da suka kai shi ne a rubuta bayanin kowace gaɓa dalla-dalla a tiyatar farko, a ɗauki lambar da aka ba jaririya a matsayin ta wucin gadi, sannan a sake duba yarinyar da hoton ciki da zarar alamun balaga sun bayyana, kafin ciwon mara ya kawo ta asibiti.