Tarihin Ƙona Ƙarin Ciki da Sauti

Mai karatu, idan likita ya ambata maka ƙona ƙarin ciki da sauti ba tare da yanka ba, kada ka ɗauka sabon abu ne. Tun a 1942 John Lynn da abokan aikinsa a Amurka suka tattara sautin da kunne ba ya ji a ɗigo guda, kamar yadda gilashi kan tattara hasken rana, suka ƙona naman dabba da shi. Sai dai aikin a makance ake yinsa, fata kuma tana ƙonewa.

Ciki kuwa wuri ne mai wuyar sha'ani. Haƙarƙari yana tsotse zafi, iskar hanji tana karkatar da sautin, hanta tana motsi da kowane numfashi. Sai da na'urorin hoto suka inganta lamarin ya sauya. A 1997 likitocin Chongqing ta ƙasar Sin suka fara yi wa marasa lafiya, a 2004 kuma Amurka ta amince da shi don ƙarin mahaifa, inda MRI ke auna zafin nan take.

Har yau ƙunar fata da raunin hanji ne abin tsoro. Don haka ka tambayi likita ko ƙarin yana dab da hanji, ka nuna masa tabon tsohuwar tiyata, kuma ka sanar da shi in kana shan maganin tsinka jini.