Silimar Kano Da Fim Ɗin Chanis: Kallon Da Ya Biyo Mu Har Ɗaki

Yau tarihin wani wuri zan ba ki, wanda na san da wuya in kin taɓa sa ƙafa a cikinsa. Ni ma ban taɓa ba. Amma tun muna yara labarinsa ke shigo mana gida. Gidan silima nake nufi.

In kin tashi a Balan ko Gaya ko Ajingi a shekarun 1970 zuwa 1980, ki tuna lokacin da yayyenmu ke dawowa daga cin rani a Kano. Yayana, kafin ya gama shan ruwa yara sun kewaye shi a tsakar gida. Sai ya tuɓe riga, ya dangwali hancinsa da babban yatsa, ya yi wata ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya, ya kai wa danga ƙafa. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Burus Li ne, Inna." Baiwar Allah ta daɗe tana zaton sunan wani aljani ne ya kwaso a birni.

Mu a karkara majigi muka sani: motar hukuma ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna noma da tsafta, kyauta. Silima kuwa kasuwanci ce, sai ka biya ka shiga. Kwarori, wato 'yan Labanan, su suka riƙe harkar a Kano, kuma a 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa. Tun farko malamai da iyaye ba su yi na'am da abin ba. Sai kuma ga gobarar silimar El Duniya ranar 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci mutum 331. Mutanen gari da yawa suka ce ai ga irinta nan, dubi ma sunan wurin. Da aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni sosai, har jifan masu shiga aka riƙa yi. Duk da haka gidajen suka yi ta ƙaruwa: Plaza, Orion, Eldorado, Queens, Marhaba, Wapa. Kasuwar 'yan canji ta Wapa da kike ji a Fagge, ai sunan silimar ta gada.

Yawancinsu ba rufi, katanga ce dogo da bencina, don haka sai duhu ya yi ake farawa, in hadari ya taso kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Maza ne ke cika wurin. Macen da aka gani a ciki, an gama yanke mata hukunci, shi ya sa 'yar mutunci ba ta ko bi ta ƙofar. Fim ɗin Indiya ke cinye yawancin kwanakin mako, a bar wa na Amurka da na Chanis abin da ya rage. Amma daren Chanis na samari ne da yara masu ƙarfin hali.

Abin da muke kira Chanis ɗin nan, akasarinsa daga Hon Kon yake, wadda a lokacin tana hannun Ingila, sai 1997 ta koma ƙarƙashin Sin. Burus Li ya yi fice da The Big Boss a 1971 da Fist of Fury a 1972. Ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32, kafin ma a saki Enter the Dragon, fim ɗin da ya fi kai sunansa duniya. Kin ga kenan, lokacin da yayana ke dukan dangarmu, mai abin ya yi shekaru a ƙasa. Bayansa Jaki Chan ya zo da faɗa haɗe da ban dariya, musamman Drunken Master na 1978.

To me ya sa abin ya kama 'ya'yan Hausawa haka, alhali ba sa jin ko kalma ɗaya? A ganina labarin ne ba baƙo ba. Yaro ne talaka, an zalunce shi ko an kashe malaminsa. Ya je ya durƙusa gaban wani tsoho, ya yi ɗiban ruwa, ya yi faskare, ya sha duka da horo, sannan a ba shi sirri kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya yi almajirci ya san wannan zaman. Ga shi kuma mu mutanen dambe ne da kokawa, mun san daɗin ganin ƙaramin jiki ya kayar da ƙato. Ba bindiga, ba mota, hannu ne da ƙafa, abin da ɗan dako ma yake da shi. Yara suka raba duniya biyu, akta da bos, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa.

Mu mata mu muka biya wani kaso na kuɗin. Taɓarya nawa aka yanke biyu aka haɗa da sarƙa don a kwaikwayi sandunan Burus Li? Yaro nawa aka kai wa maɗori? A birni kuma uwa ta san bakin silima matattarar 'yan daba ce da masu shaye-shaye, ba ta runtsawa sai ta ji shigowar ɗanta. Ba zan yi wa wurin kwalliya ba. Sai dai yana da ƙofa, yana da lokaci, yana da farashi. In yaro ya je, an san ya je.

Mutane da yawa kan ce Shari'a ce ta kashe silima. Ni dai na ce ta tarar da ita a kwance. Talabijin ya fara janye mutane, ga NTA, ga CTV ta jihar Kano da ta zo a farkon shekarun 1980. Bidiyo ya biyo baya da kaset ɗin haya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, shigo da faifan fim daga waje ya zama sai mai ƙarfi. Gidaje suka koma maimaita tsofaffin faifai masu yankewa ana tsakiyar faɗa, 'yan kallo su yi ta ihu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa a kaset. Finafinan Hausa sun ɗan farfaɗo da gidajen, musamman da salla, amma ainihin kasuwarsu kaset ce, kaset kuwa gida ake kai shi. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da sharuɗɗa masu tsauri. Daga nan gidajen suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Palace da aka yi jifa a kanta, tuni ta zama asibiti. Samarin kuma suka koma gidajen kallon ƙwallo.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan shi ne namu ɓangaren. Shekara hamsin da ɗoriya ana kallo a Kano ba mu a ciki, sai dai a ba mu labari. Ranar da silima ta fara durƙushewa, ranar kallo ya shigo ɗakin matar kulle. Maigida ya sayo bidiyo, maƙwabta suka aiko yara aron kaset, a ƙauye aka tayar da janareta. Masu shirya fim suka gane mu ne kasuwarsu, labarin ya koma na aure da kishi da soyayya.

Yanzu ko kaset ɗin babu. Yaro ya kai waya kasuwa a tura masa finafinai, har da na Chanis da aka fassara da Hausa, akta yana zagin bos da karin maganarmu. Kwanan baya na tarar da jikana ya lulluɓe da mayafina yana kallo, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a kan gadona, ban ma san da shi ba. Da safe na kai ƙara wurin yayan nan nawa, wanda yanzu sai da sanda yake miƙewa. Ya karɓi wayar, ya ƙura mata ido, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya miƙa wa yaron ya ce, "Wannan igiya aka ɗaura masa yake tashi sama. Je ka ce su tura maka Burus Li."