Tawada da Disket a Yamai

A shekarun 1990, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikatan ofisoshin Yamai sun riƙa adana rubuce-rubucensu a disket, ƙaramin faifan maganaɗisu mai ɗaukar megabayit 1.44. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarsa: idan ta toshe kan da ke karanta faifan, sai mai gyara ya kwance na'urar, ya goge, a sake gwadawa. Kamfanin Sony ya daina ƙera disket a 2011. Yau littattafan Larabci da ajami da Boubou Hama ya tattara, waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH, ido kaɗai suke bukata. Kundin digirin da aka bari a disket kuwa, sai an samo tsohuwar kwamfuta mai sauran numfashi kafin ya buɗe baki.