Cutar Bartter: Larurar ƙoda da ake fara jinyarta tun jariri na ciki

Cutar Bartter larura ce ta ƙoda da ake gado, wadda ta samo suna daga Frederic Bartter, likitan Amurka da ya bayyana ta a 1962. Ba kasafai ake samun ta ba. An ƙiyasta cewa tana shafar kusan mutum ɗaya cikin miliyan.

Aikin ƙoda ne ta tace jini, sannan ta mayar wa jiki gishiri da ruwan da yake buƙata. A wannan cuta, sashen da ke mayar da gishirin ne ba ya aiki, don haka gishiri ke zubewa cikin fitsari, ruwa kuma ya bi shi. Nau'inta mafi tsanani kan fara ne tun a ciki. Da yake fitsarin ɗan tayi shi ne mafi yawan ruwan mahaifa a rabin ƙarshe na goyon ciki, sai ruwan ya taru fiye da kima, galibi tsakanin mako na 24 da na 30. Ciki ya yi girman da ya zarce watanninsa, numfashi ya yi wa uwa wuya, naƙuda kuma ta zo kafin lokaci. Babban haɗarin ke nan: haihuwar bakwaini.

Manufar jinya a wannan mataki ita ce jinkirta haihuwa, domin ba a warkar da cutar. Likitoci kan zuƙe ruwan da allura, amma yakan sake taruwa. Akan kuma ba uwa maganin indomethacin, wanda ke ratsa mabiyiya ya rage fitsarin ɗan tayi. Maganin yana da nasa haɗari: yana iya tsuke wata jijiya kusa da zuciyar ɗan tayi wadda tilas ta kasance a buɗe har haihuwa, musamman bayan mako na 32. Shi ya sa ake duba zuciyar da na'urar hoto a kai a kai, a dakatar da maganin da zarar an ga alamar tsukewa. Ba magani ba ne da mai ciki za ta saya a kemis.

Bayan haihuwa, ana mayar wa jariri ruwa, gishiri da sinadarin fotasiyam. Wani nau'in cutar na zuwa da kurumta. A 2016 kuma masana suka gano nau'in da ke da nasaba da ƙwayar gado ta MAGED2, wanda ya fi shafar 'ya'ya maza: yana farawa da wuri da tsanani, amma yakan gushe da kansa bayan haihuwa.

A sauran nau'o'in, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, ko da lafiyarsu ƙalau, kuma yiwuwar cutar a kowane ciki ɗaya ce cikin huɗu. Auren zumunci na ƙara wannan haɗuwa. Matar da ta taɓa fama da yawan ruwan ciki ba tare da an gano dalili ba, ya kamata ta shaida wa likita tun a awon farko.