Dagin Arewa

Dagin Arewa tambari ne na gargajiya a ƙasar Hausa, wanda ya zama alamar Arewacin Najeriya. Siffarsa zobba biyu ne masu tsayi da suka gitta juna, layinsu na bi ta sama da ƙasan juna, ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa. Galibi akan saƙa murabba'i a tsakaninsu.

Tun kafin zuwan Turawa maɗinka ke sa dagi a aikin babbar riga, dukawa kuma a kan fata. Magina sun ɗauke shi zuwa adon bango da ƙofar zaure. A birnin Zariya, wanda ya yi suna wajen ɗinkin riguna da zanen gini, har yanzu ana ganinsa a fuskar gidaje. Ana samun ƙulli mai kama da shi a daɓen gine-ginen Rumawa da kuma adon Yarbawa.

Dagin ya samu matsayin siyasa a zamanin Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 15 ga Janairu, 1966. An ɗauki sarƙuwar layukansa a matsayin haɗin kan ƙabilu da addinan yankin, daidai da taken jam'iyyarsa ta NPC na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya.

An rushe Jihar Arewa ranar 27 ga Mayu, 1967, aka raba ta jihohi 6. Ƙungiyoyi da kamfanoni da dama na yankin suna amfani da dagin a tambarinsu har yau.